Me ya sa yara ke kirana Mushe?

A lakwal ɗinmu ta Kona yara "Mushe" suke kirana. Ranar da wani baƙo daga Kano ya ji, sai da ya riƙe baki, don shi mushen da ya sani dabbar da ta mutu ba yanka ce. Abin ya tsaya mini a rai, na bi sawun kalmar.

Daga Faransanci "monsieur" muka aro ta, tushenta kuma "senior" na Latin, wato wanda ya fi tsufa. Can siffa ce ta gwada shekaru. A Sifaniyanci ta koma "señor", a Italiyanci "signore", sunan girmamawa ko ga saurayi. Mu kuma malamin boko muka laƙaba wa.

Ashe dattijo yaran ke cewa. Saura mu malamai mu riƙe dattakon.