Ranar Da Ɗana Ya Ce Zai Tafi Ingila

Ranar da ɗana ya ce yana so ya tafi Ingila ƙaro ilmi, ban runtsa ba, gama na san sai an taɓa gonar gado. Da gari ya waye na kira shi, na ce, "Kai, me ke can wanda babu a Zariya?"

Ya durƙusa ya ce, "Baba, abu uku ne. Da Turanci ake koyarwa, ba sai na koyi sabon harshe ba. Digiri na biyu kuwa shekara ɗaya ne a yawancin jami'o'insu, alhali a Amurka yakan kai biyu. Sa'an nan takardar shaidarsu, duk inda aka kai ta an san ta."

Na yi shiru, na tuna hanyar nan ba sabuwa ba ce. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Dukansu sun komo, sun amfani jama'a.

Amma fa akwai nauyi. Kuɗin makarantar da baƙo ke biya ya fi na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma tun 2024 yawancin ɗalibai ba a barinsu su tafi da iyali.

To, na sayar da rabin gonar, na riƙe rabi. Na ce masa, "Je ka, Allah ya kiyaye hanya. Rabin da na bari naka ne, yana nan yana jiranka."