Ranar da Amfilifayar Kawu ta Shaƙe a Tafkin Tiga

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Bunkure ya san cewa manomin rani kullum kunnensa yana kan sanarwa. Ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yakan biyo babbar magudana ya yada zango a Ruwan Kanya, sa'an nan a rarraba shi zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Tun da yake ruwan na rabo ne, tilas a sami mai gaya wa jama'a ranar da za a buɗe ƙofa, da ranar gayyar yashe magudana da sarar kacala. A garinmu kawuna ne ke wannan aiki, da wata amfilifaya mai aiki da batir da lasifika biyu masu ƙaho, waɗanda manoma suka yi karo-karo suka saya.

A ƙaramar Salla ta 2024 wani aminin Kawu, mai kwale-kwale na inji a Tiga, ya zo aronta, domin yana so ya riƙa zagayawa da masu yawon Salla a kan ruwa da kiɗa. Kawu ya ji nauyin hana shi, ya kuma ji tsoron ba shi kayan jama'a, sai ya raba gardama ya haɗa shi da ni. A ganinsa ɗan jami'a ba ya rasa sanin komai. Na so in tuna masa cewa Hausa nake karantawa, amma na ga idan na yi haka raina karatun nawa za a yi, sai na ɗauki jakar kayan gyaransa na bi.

Da hantsi muka ɗaura ƙahonin a gaban jirgi, yaran mai jirgin suka jona komai, aka sa kiɗa daga wayar hannu. A bakin gaɓa lafiya lau. Ba mu yi nisa ba sai murya ta fara dushewa, duk sa'ad da ganga ta buga da ƙarfi sai sautin ya kakkarye, ga kuma wani zuzu da ke tashi yana sauka tare da injin. Can sai ta yi tsit. Na taɓa bayanta na ji zafi kamar tanda. Mai jirgin ya dube ni ya ce, "To, Malam ƙarami, ga ranarka." Na ce, "Baba, a mai da mu gaɓa tukuna."

Abin da ya fara zo mini shi ne in kwance murfin in leƙa cikinta. Allah ya taimake ni na kira Kawu kafin in ɗauki sukundireba. Da ya gama saurarona ya ce, "Ɗana, in ruwa bai iso gonarka ba, gonar kake haƙawa? Magudana kake bi har ka kai ƙofa. Bar murfin nan, ka fara daga batir."

Da mitar da ke cikin jakar na auna kan batir, na sami bolt 12.4, watau yana da wuta. Sai na duba fis na ga ya ƙone. Nan take wani yaro ya miƙo takardar gwangwanin kwalin taba a naɗe shi da ita, wai haka suke yi. Na ƙi, ko da yake an yi mini kallon mai tsaurin kai. Fis an yi shi ne domin ya mutu a madadin na'ura, kuma muna cikin jirgin katako ne ga jarkar fetur a gefe. Na sa sabo daga jakar Kawu, na kunna, na auna wutar a bayan amfilifayar kanta. Da sauti ya tashi sai mita ta faɗo ƙasa da bolt 10. Ashe wutar a hanya take zubewa. Wayar da yaran suka jawo daga batir siririya ce irin ta fitilar ɗaki, ga tsawo, alhali na'ura irin wannan tana iya jan amfiya goma in ana buga ta sosai. Kawunan batir ɗin kuma duk sun yi farin gari da kore-kore saboda laima. Muka jiƙa kanwa muka wanke su, muka kankare, muka matso da batir kusa, muka sa gajeriyar waya mai kauri.

A nan ne na fahimci bambancin jirgi da mota. A mota ƙarfen jikinta ne ke mai da wuta zuwa batir, saboda haka ko'ina aka ɗaure baƙar waya ya yi. Katako kuwa ba ya ɗaukar wuta, don haka a kwale-kwale dole ja da baƙa su koma kan batir, kaurinsu ɗaya. Zuzun nan kuma bai ba da wahala ba: wayar da ke kawo kiɗa ce aka shimfiɗa kusa da injin tana ɗaukar tartsatsin fulogi, da aka janye ta ya ɓace.

Saura zafi. Da na bi wayoyin lasifika sai na tarar mai jirgin ya ƙara nasa ƙahoni biyu a kan na Kawu. Kowane ƙaho an rubuta masa om 16. Biyu in aka haɗa su baki ɗaya sun zama 8, shi ya sa Kawu ke ɗaure su a ƙusar da aka rubuta 8. Huɗu kuwa sun zama 4, amma aka bar su a wuri ɗaya, na'ura tana jan kayan da ya ninka nata a tsakiyar zafin bazara. Na mai da su kan ƙusa mai lamba 4, na kuma cire buhun da aka lulluɓe ta da shi don tsoron feshin ruwa, muka yi mata rumfa da kwali yadda iska za ta ratsa.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen maɓallai, domin a nan gardamar da mutum ake yinta. Yaran sun murɗe sautin wayar hannu har ƙarshe, sun murɗe maɓallin shigowa har ƙarshe, haka ma babban maɓalli. Mai jirgin ya dage cewa shi ba ya jin ƙarfi. Gaskiyarsa ce ta wani fanni, gama a tsakiyar tafki babu bango ko soro da zai dawo da murya, ƙahonin kuma gaba suke kallo, shi yana baya kusa da inji. Amma amfilifaya tana da iyakar da batir ya yanka mata. In aka tura mata abin da ya wuce wannan iyaka sai ta datse kan sautin, abin da kunne ke ji kamar karyewa, kuma wannan datsattsen sauti shi ne ke ƙona zaren da ke cikin lasifika. Na sa wayar a kashi uku cikin huɗu, na rage kaurin sauti tun da ƙaho ba ya ɗaukarsa, na riƙa ɗaga maɓalli a hankali har na ji ta fara kakkaryewa, sa'an nan na komo baya kaɗan na yi alama da biro. Da ya ƙi yarda, na roƙe shi ya tsaya a gaɓa mu shiga ruwa. Muna can nesa muka hango shi yana ɗaga hula.

Wani abu da ya ja hankalina, wanda nake fatan malamaina za su duba, shi ne kalmomin da aka yi amfani da su a ranar. Ba wanda ya nemi kalmar Turanci domin ya faɗi ciwon. Cewa aka yi ta shaƙe, muryarta ta dushe, tana kuka, tana jin yunwar wuta, an ɗora mata kaya. Sunayen sassan ne kawai aro, watau batir da fis da fulogi, amma bayanin halin da take ciki duk daga maƙogwaron mutum da bayan jaki aka ɗauko shi. Ina ganin masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya za su ƙaru in suka zauna a rumfar mai gyaran rediyo a kasuwar Kura da littafi a hannu.

Kwana uku muka yi ana zagaye, alamar biro ba ta gusa ba, domin ni na zauna a gindinta. Da na komo gida Kawu bai tambaye ni komai ba. Ya ɗaga ta ya sansana bayanta ko zai ji ƙauri, ya ƙirga fis ɗin da suka rage a jaka, ya mai da wayoyinsa kan lamba 8. Washegari bayan sallar asuba ina kwance na ji muryarsa tar a kan gari, yana cewa masu gonaki a ƙarshen layi su fito, yau ruwansu ne.