Gwajin da ba ya ƙarewa

Kalmar «gwaji» tana da iyaka a Hausa. Mai sayen goro ya ɗanɗana ɗaya, mai sayen rediyo ya kunna ya ji, daga nan sai ciniki ko a rabu lafiya. Ba wanda zai cinye huhun goro ya ce gwadawa yake. Amma a wuraren talla ta waya da ke ɗaukar matasa a Yamai, kalmar ta samu wata ma'ana: ka yi aiki cikakke, kada ka tambayi kuɗi.

Sanarwar takan zo ta WhatsApp. Ana neman samari da ƴan mata masu jin Faransanci, in da Hausa da Zabarmanci ya fi. Ba a buƙatar ƙwarewa, «za mu horar da ku». Ga ɗalibin da bursi ta yi masa jinkiri, ko wanda ya gama lisans shekara biyu yana zaune fada yana dafa shayi, wannan magana ruwan sanyi ce.

Hutun bara na shiga irin wannan wuri. Mu 20 aka ɗauka, aka ce sati biyu na horo, ba biya, wanda ya yi ƙoƙari za a sa masa hannu a kwantaragi. Horon gaskiya kwana biyu ne: aka ba mu takardar abin da za mu riƙa faɗi, muka hardace. Rana ta uku aka miƙa wa kowa jerin lambobi da abin sawa a kunne. Mutanen da muke kira na gaske ne, kuɗin da suke biya na gaske ne, mu kaɗai ne «ba mu fara aiki ba tukuna». Daga ƙarfe 8 har bayan la'asar muna magana, shef yana zagayawa bayanmu yana rubuta adadi a allo. Taksi da abincin rana daga aljihunmu, kusan jika ɗaya kullum. Ranar ƙarshe aka riƙe mutum biyu. Sauran aka ce «za mu kira ku». Muna saukowa, sai ga wasu a bakin ƙofa riƙe da takardunsu cikin leda, su ne na ranar Litinin.

To mu yi lissafi. Tun watan Janairun 2024 albashi mafi ƙaranci a Nijar jika 42 ne a wata, bayan ya daɗe a sefa 30.047. Rabin wata jika 21 ke nan. Sau mutum 20, jika 420. Wannan ne abin da mai wurin ya riƙe a aljihunsa cikin sati biyu, ban da ribar abin da muka sayar. In ya maimaita sau biyu a wata, mi zai sa ya ɗauki ma'aikata na dindindin? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini, ni mai karatun ilimin harshe, shi ne irin kayan da aka kwasa daga gare mu. Takardar da aka ba mu da Faransanci take. Amma mafi yawan waɗanda ke ɗaukar waya ba da shi suke son a yi musu magana ba. Mu ne muke juya ta zuwa Hausa ko Zabarmanci nan take. Mu ne muka san ba a faɗa wa dattijo farashi kafin a tambaye shi gida da iyali da gajiya, mun san wa za a ce wa Alhaji, wa za a ce wa Inna. Wata ƴar Tawa da ke kusa da ni, da ta ji harshen mutum na Adar ne sai ta koma irin maganarsu, nan da nan ya saki jiki. A aji mun karanta Roman Jakobson, wanda a 1960 ya lissafa ayyuka shida na harshe, ɗaya daga ciki shi ne maganar da amfaninta kawai ta buɗe hanya tsakanin mutum biyu, irin su «ina kwana» da «kana ji na?». Mu muka kawo wannan daga gidajenmu, iyayenmu suka koya mana, kamfani ya sayar da shi. Tafinta ana biyan shi. Mu ko na gode ba a ce ba.

Wasu za su ce, ai da babu gara ba daɗi, kuma ko almajirin tela ba a biyan shi. Haka ne, amma almajirin tela yana fita da sana'a a hannu, wata rana ya sayi kekensa. Gayya ma ba kuɗi, sai dai mai gona zai kawo fura da tuwo, kuma ran da ka kira zai zo da hauyarsa. Ɗan ƙodago kuwa rana na faɗuwa a ƙirga masa nasa. Wannan abu bai shiga ko ɗaya cikin ukun ba. Ba sana'a, ba ramuwa, ba lada.

Kuma hasarar ba ta tsaya ga kuɗin taksi ba. Akwai wanda ya riga ya buga wa tsohuwarsa waya a Tasawa ya ce ya samu aiki, aka yi ta sa albarka. Yanzu da wane baki zai koma? Sai ya yi shiru, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Shirun nan shi ke ciyar da wuraren, domin rukuni na gaba bai san abin da ya samu na baya ba.

Ƴan'uwa, muna da dokar aiki, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, kuma akwai ofishin sufetocin aiki da aka kafa don sauraren irin wannan ƙara. Kafin ka sa abin nan a kunne, ka tambaya: kwana nawa ne gwajin, nawa za a biya a cikinsa, a ina aka rubuta? In ka sayar, naka nawa ne, yaushe za ka karɓa? Wanda ya ɓata rai don ka yi tambaya ya riga ya ba ka amsa. In kuma ka riga ka shiga, ka rubuta ranaku da awoyi da abin da ka sayar, ka ajiye saƙonnin da aka turo maka, ku karɓi lambobin juna. Ƙarar mutum 18 ba ɗaya take da ta mutum guda ba.

In sanarwar nan ta sake faɗowa gurup ɗinku, kai da ka taɓa zuwa kada ka wuce ta. Rubuta a ƙasa kwana nawa ka yi, da nawa aka ba ka.