Kwana huɗu bayan taron zumunta

Ni Kirista ce, a Maraɗi nake zaune, ɗinki ne sana'ata. Na san yawancinku Musulmi ne, mu ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, amma abin da zan faɗa ina jin duk mai ibada ya taɓa ɗanɗana shi.

Duk shekara nakan je taron zumuntar mata. Kwana uku muke yi, anko iri ɗaya, ganga da tulu da kacau-kacau, waƙa har murya ta dishe. A taron bara, daren ƙarshe, na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba. Ji nake kamar in na miƙa hannu zan taɓa Ubangiji. Cikin mota muna dawowa na ɗauki alkawari: kullum ƙarfe huɗu na asuba zan tashi, in yi awa guda ina addu'a.

Ranar Lahadi muka dawo. Ranar Alhamis na zagi wata mata a bakin pampo saboda ta tura jarkata gefe. Ba ƙaramin zagi ba, har da uwarta na haɗa. Na dawo gida na zauna gaban keke, ga kayan mutane jibge, kuran ya ɗauke, na ce to, ina abin nan da na ji ya tafi? Na durƙusa, bakina yana motsi, zuciyata kamar busasshen ƙwarya. Na yi sati biyu ina gwadawa, daga baya na bari. Majami'a dai ina zuwa, ina tafi tare da kowa, ba wanda ya sani. A raina kuwa jira nake taron baɗi ya zo a sake cika ni, kamar salular da ta mutu tana jiran caji.

Sai damina ta yi nisa, cikin watan Satumba, zazzaɓin sauro ya kama autana. Dare biyu muka yi a likita, ana ƙara mishi ruwa, jikinshi kamar garwashi. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, kuma ba na ciwon kaɗai ba. Na buɗe baki in roƙi Allah, sai na ji kamar mai buga ƙofar gidan da ta daɗe da yanke zumunci da shi. Na ce a raina, ke da kika yi wata biyar ba ki gaishe shi ba, yau da wane ido?

Da safe wata tsohuwa daga majami'armu ta zo da kunu cikin kwano. Inna muke ce mata duka. Tun tana budurwa aka yi mata maganin kuturta a asibitin Danja, nan kudu da Maraɗi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe. Ta warke, amma yatsunta ba su dawo ba. Ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya na Littafi Mai Tsarki. Ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa a taro ba, ko waƙa ma a hankali take bi.

Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Na ce, "Inna, ni fa ban jin Allah kuma."

Ta ce, "Ɗiyata, da kunne kike jin shi ko da mi?"

Na ce a'a, irin abin nan na zuciya, kamar a wurin taro.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Shekara arba'in da wani abu na yi da mijina. Kwana nawa aka yi ana kiɗan bikinmu? Sauran duk tuwo ne da miya da ina kwana." Sai ta tuna mini labarin manna, abincin da Isra'ilawa suka ci shekara 40 a jeji. Kowace safiya sai mutum ya fita ya tsinci na yini guda. Wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe, ya wayi gari ya tarar da tsutsa da wari. Ta ce, "Ke kin je taro kin cika buhu, kina so ya kai ki shekara."

Daga baya na buɗe Fitowa sura 16 na karanta, haka yake. Ranar jajibirin Asabar kaɗai aka yarda su tara na kwana biyu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, har gajiya suka yi da shi, suka yi ta gunaguni suna tuna kifi da albasa da tafarnuwar Masar. Ashe abincin sama ma yana iya gundurar mutum in kullum shi ne. Na kuma lura da wani abu da na sha karantawa ban gani ba: Bitrus a kan dutse, da ya ga ɗaukakar Yesu, cewa ya yi a kafa bukkoki uku. Ba a kafa ba. Suka sauko, abin da suka tarar a ƙasa shi ne uba da yaronshi mai faɗuwa, ga mutane suna gardama.

Yaro ya tashi, mun gode Allah da ma'aikatan da suka kwana a kanshi. Ban koma ga alkawarin awa guda ba, na san kaina. Abin da nake yi ƙarami ne. Kiran sallar asuba daga masallacin unguwarmu shi ke tada ni. Maƙwabciyata Musulma, shekara tara muna katanga ɗaya, ina jin ƙarar butarta ko cikin sanyin hunturu, kuma ban taɓa jin ta ce yau ba ta ji a jikinta ba. Sai ni ma in zauna bakin gado, Zabura ɗaya, wani lokaci rabi. In na zauna kan keke, mai kayan da ke hannuna nake yi wa addu'a, ko amarya ce ko ɗan lakwal, har da masu riƙe mini jika biyu tun sallar bara. Nasu ya fi wuya, gaskiya.

Kada wani ya ce na raina taro. Bana ma na je, na yi waƙa, na ji daɗi, ban yi kuka ba, ban kuma damu ba. Akwai ranakun da nake karanta Zabura hankalina yana kan kuɗin gawayi. Akwai satin da ba na jin komi daga farko har ƙarshe, kuma har yanzu abin yana ɗan tsorata ni.

Matar pampo kuwa, sai da na yi wata guda bayan ciwon yaron kafin na iya zuwa gidanta. Na tarar tana tankaɗe. Na ce, "Yaya, na zo ki gafarce ni, maganar da na gaya miki ran nan." Ta dube ni ta ce wace magana? Ko ta manta ne, ko so take in maimaita da bakina, na dai maimaita. Ta ce ba komi, ya wuce. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani zane da ya yage, ta ce tunda na zo, in tafi da shi in kama mata.