Sai Bango Ya Tsage: Abin Da Gilashin Motar Kawu Ya Koya Mana

A wannan wata ba zancen makaranta za mu yi ba, ko da yake a can muke cin abinci. Zancen mota ne, kuma motar ma ta manya. Mun san wani zai ce, ina malamin firamare ina Marsandi? Gaskiyarsa. Ba saye muka yi ba, gado ne ya faɗo mana, ya kuma zo da darasin da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Shi muke so mu ba ku kyauta, tun da mu mun riga mun biya kuɗinsa.

Mutanen zangonmu a nan Kumasi sun san motar. Kawunmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a Hambug ta ƙasar Jamus, da zai dawo gida sai ya sako ta a jirgin ruwa aka sauke ta a Tema. Mercedes-Benz ce mai ƙofa biyu, samfurin da ake kira 500 SEC. An ƙera irinta daga 1981 zuwa 1991, kuma duka-duka ba su wuce wajen 74,000 ba, alhali 'yan uwanta masu ƙofa huɗu sun haura 800,000. Ku riƙe wannan lissafi, domin zai dawo mana nan gaba. In aka sauke gilasan gefe duka, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, sai iska ta ratsa daga nan zuwa can. Muna samari a lokacin, in Kawu ya ba mu soso da bokiti mu wanke ta, ranar ba mai iya yi mana magana.

Kawu yana da wata al'ada. Duk yarinyar da za a aurar a unguwa, 'yar mai kuɗi ce ko 'yar mai sayar da koko, a motar nan ake kai ta ɗakin miji, kuma ko kuɗin mai ba ya karɓa. Da ciwon ajali ya kama shi ya kira mu ya ce, "Malam, 'ya'yana maza suna Turai. Ga makulli. Kada amaryar zango ta tafi a tasi motar nan tana da rai." Muka ce, "To, Kawu, in Allah Ya yarda." Ba mu san nauyin da muka ɗauka ba.

Shekara guda bayan rasuwarsa, muna wanke ta wata ranar Asabar, sai muka ga wani fari-fari a kusurwar gilashin baya ta ƙasa, kamar an ɗiga madara. Bai fi faɗin ɗan yatsa biyu ba. Muka sa omo muka goge, bai fita ba. Muka shiga ciki muka goge, yana nan. Ashe ba a waje yake ba, ba kuma a ciki ba, a tsakiyar gilashin yake.

Muka kai wa wani dattijon makanike a Suame Magazin, wanda tun zamanin Kawu shi ke duba ta. Ya sa babban yatsa ya danna robar da ta kewaye gilashin, ya ga ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya ce, "Ticha, ruwa ya samu hanya. Wannan farin ba datti ba ne, saƙo ne. Ka sa a cire gilashin yanzu a duba ƙarfen da ke ƙarƙashi, a sa sabuwar roba, ka fara neman wani gilashin." Muka tambayi kuɗi, muka ji abin ya tasam ma albashin wata biyu. Ga kuɗin makarantar yara, ga haya. Muka ce, "Masta, ai ana ganin baya sarai, bari sai ya fashe tukuna." Ya yi murmushi ya ce, "Irin wannan ba ya fashewa, Ticha. Abin da ke bayansa ne ke mutuwa."

A nan ya kamata mu tsaya mu yi abin da muka saba yi a gaban allo, domin sai daga baya muka gane cewa gilashin bayan mota ba iri ɗaya ba ne. Iri uku ne, kuma kowanne da yadda yake nuna ya gaji.

Na farko shi ne gasasshen gilashi, wanda ke bayan yawancin motoci. Ana dafa shi ne a zafin da ya haura digiri 600, sa'an nan a huce shi da iska farat ɗaya. Wannan ke sa ya fi gilashin taga ƙarfi kamar sau huɗu ko biyar, kuma in ya fashe sai ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, ba ya yin tsini irin na kwalba. Amma fa ba ya gyaruwa. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a cike masa tsaga. In dutse ya ɓantare gefensa ko ya yi masa rauni mai zurfi, yana iya kwana lafiya, washegari ramin hanya ɗaya ko bugun ƙofa ya watsar da shi a kan wanda ke kujerar baya. Irin wannan ranar da ya ji ciwo, ranar ce ta fara neman wani.

Na biyu shi ne gilashi mai falle biyu, wanda aka manne da wata siririyar roba mai haske a tsakani, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Wani masani Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Shi ne ake sa wa a gaban motoci, domin in ya tsage robar tana riƙe ɓaraguzan. Wasu manyan motoci kuwa, irin ta Kawu, har a baya shi aka sa musu, da siraran wayoyin ɗumama gilashi a tsakanin fallayen. In robar kewaye ta tsufa, danshi ya zauna a gefensa, sai fallayen su fara rabuwa da robar tsakiya, wurin ya yi fari. Farin nan ba ya komawa baya, gaba yake ci. Kuma ruwan da ya haifar da shi ba a gilashi kaɗai yake tsayawa ba, yana kwanciya a kwarin ƙarfen da gilashin ke zaune a ciki.

Na uku shi ne na motoci masu rufin tamfol da ake naɗewa. Da yawa daga cikinsu tagar bayan ba gilashi ba ce, roba ce mai haske, domin ta iya lanƙwasuwa tare da rufin. Haka Mercedes-Benz SL ta 1989 zuwa 2001 take, haka kuma BMW Z3. Ranar ƙasarmu ba ta raga wa irin wannan roba. Tana tsotse mata laushi, sai ta yi rawaya, daga nan ta koma launin shayi, ta yi tauri, ta tsage daidai inda take naɗewa. Ƙurar hunturu kuma in aka goge ta da busasshen tsumma, kamar an sa yashi ne. Sai an fara kwarara ruwa tukuna. Hazo kaɗan da ƙananan zane man goge roba yana fitar da su. Amma in ta yi duhu har ba ka rarrabe mutum da babur a madubi, ko ta tsage, ko ɗinkinta ya saki, to magana ta ƙare. A wasu motocin, kamar Z3 ɗin nan, da zif aka haɗa tagar, ana iya sauya ta ita kaɗai. A wasu kuwa ɗinke take, sai mai ɗinkin kujerun mota wanda ya san aikin. Akwai kuma masu rufin tamfol da gilashin gaske aka manne a jikin yadin. Waɗannan gam ɗin ake sa wa ido: da zarar gefe ya fara ɗagowa a kai gyara, kada a jira gilashin ya zame ya faɗa ciki.

Wanda bai san irin nasa ba ya duba kusurwar gilashin, akwai tambari. Sau da yawa an rubuta irinsa a wurin, tare da harafin E da lamba a cikin da'ira. E1 alamar Jamus ce ta amince da shi.

To, mu koma ga labarinmu. Mun bar motar haka har damina uku, kuma kun san Kumasi ruwa sau biyu yake zuwa mana a shekara. Farin ya yi ta hawa har ya kai tafin hannu a kusurwa biyu. Mota ta fara wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Muka sayi turaren ratayawa. Da safe gilashi ya riƙa yin gumi daga ciki, in mun kunna wayoyin ɗumamawa rabi ne ke washewa. Muka ajiye tsumma a kujerar baya. Wata rana muka bar littattafan aikin 'yan aji shida a but, ruwa ya kwana yana zuba, da safe muka tarar na ƙasa sun jiƙe, tawada ta narke. Muka shanya su a rana, muka ce wa yara haɗari ne. Ko a nan ba mu farka ba. Leda muka shimfiɗa a but ɗin, muka bi gefen gilashin da salatif.

Ranar da asiri ya tonu ita ce ranar bikin autar Kawu. Hajiya, matarsa, da hannunta ta jera kayan amarya a but: atamfofi, leshi, da wani farin mayafi da Kawu ya sayo ya ajiye mata tun tana ƙarama. Da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da muka isa gidan ango aka buɗe but a gaban dangin miji, sai ga jan ruwan tsatsa ya ɗiga ta saman, ya bi ledar ya taru daidai kan mayafin. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga mayafin ta dube shi, ta dube mu, ta ce, "Malam, ashe haka motar ta koma?" Da mari ta yi mana da ya fi sauƙi.

Da aka cire gilashin a garejin dattijon nan, sai ga kwarin ƙarfen ya zama kamar rariya. Tsatsa ta cinye kusurwa biyu, ta gangara kan allon da ke bayan kujera, ta fara taɓa wayoyin wuta. Sai da mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya ƙera sabon ƙarfe, mai fenti ya bi baya. Gilashin kuwa, wajen cirewa ya tsage daga kusurwar da ta yi fari. Nan lissafin nan na farko ya dawo. Mun zaga Suame, mun aika Abossey Okai a Ankara, na mai ƙofa huɗu ana samu, amma ba ya shiga mai ƙofa biyu, domin siffarsu ba ɗaya ba ce. Motar da aka ƙera kaɗan, kayanta ma kaɗan ne. Sai da ɗan Kawu ya samo a Jamus, aka ƙera masa akwatin katako aka sako a jirgin ruwa. Mota ta yi wata biyar a gareji an lulluɓe ta da tamfol. Kuɗin da muka guje wa mun biya ninkinsa uku. Abin da ya fi ciwo, amare biyu aka kai a tasi a cikin watannin nan.

Saboda haka ga abin da muka tsinta, ga duk wanda Allah Ya ba irin wannan mota, ko ya saya ko ya gada. Ba kowane aibi ne ke sa a sauya gilashi ba. Ɗan zane a sama ba kome. Layin ɗumamawa da aka shafa a fuskar gilashi in ya yanke, akwai fentin da ake haɗa shi da shi. Robar kewaye in ita kaɗai ta gaji, ita kaɗai za a sauya, kuma wannan shi ne gyara mafi araha da muka ƙi yi. Amma a sauya gilashi in gasasshe ne ya ɓantare ko ya tsage. In mai falle biyu ne farin ya fara yaɗuwa ko tsaga ta ratsa shi. In na roba ne ya yi duhu ko ya karye. A tuna kuma mota mai ƙofa biyu da mai rufin tamfol tagar bayansu ce kusan duk idon direba ta baya. A lungunan zango, inda yara ke wasa a gindin mota, wanda ba ya ganin bayansa bai kamata ya sa giyar baya ba. In kuma an ga ruwa a but ko an ji warin danshi, kada a sayi turare, a cire gilashi a duba ƙarfe. A fara neman sabon tun tsohon yana tsaye, a yi aikin da rani, a kuma ba wanda ya taɓa yin irinsa.

Mu da muke gaya wa yara kullum cewa a gyara kuskure tun yana layin farko, mu ne muka bar namu ya cika shafi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu bangon ya nuna tsagarsa shekara uku muna kallo.

Motar ta dawo hanya. A watan jiya ta kai 'yar maƙwabcinmu mai gyaran takalmi ɗakinta, kayanta a bushe. Mayafin nan kuwa tabon bai fita duka ba, autar Kawu ta ce a bar mata shi haka. Duk ranar Asabar in mun gama wanki, sai mun sa yatsa mun danna robar nan kusurwa huɗu kafin mu ajiye bokiti.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Sai wani watan, in muna da rai.