Daga Bracodi zuwa Treichville da gorar maigadi

Ranar da za a kwance wa maigadin layinmu ɗinki, na bar shago a hannun yarona, na ce ni zan kai shi da kaina. Dattijo ne daga ƙasar Adar, ya fi shekara goma yana kwana a bakin shagunanmu a Bracodi, kuma saboda dukiyarmu aka sare shi a hannu. 'Yata ta fari, wadda ba zan faɗi sunanta ba don ba a yi, ta ce ita ma za ta bi mu. Na san abin da take nufi da Treichville, amma na yi kamar ban gane ba.

Duk mai neman abinci a Ajame ya san yadda wurin yake da safe. Gbaka na ta ƙaho, yaran mota na kiran Abobo da Yopougon, masu tura amalanke na cewa a ba su hanya, ƙamshin kifin garba ya haɗu da hayaƙin mota. Hanyar Nangui Abrogoua tana da faɗi, amma tebura da lema sun cinye rabinta. In ka bar babbar hanya ka shiga ciki wajenmu, sai lunguna, wani ma mutum biyu ba sa iya jerawa. Ku riƙe wannan maganar ta faɗi da ƙunci, don a kanta labarin Baba maigadi yake.

Da ƙyar muka samu tasi, saboda Baba ya ƙi barin gorarsa. Ta fi shi tsawo, kanta da zoben ƙarfe. Direba ya ce sai dai a sauke gilashi, a bar bakinta a waje. Haka muka bi ta Filato, gora na leƙen manyan benaye da bankuna.

A cikin motar ne 'yar tawa ta miƙa masa waya. "Baba, dubi wannan." Wasu mutum biyu ne cikin kayan kariya, fuska a rufe. Ɗaya riƙe da takobin gora, ɗaya da wata doguwar sanda mai lanƙwasa a baki. Mai takobi na neman shiga, mai sanda na tare shi, can sai ta sauke sandar ta buge shi a ƙwauri. Da suka cire hular kariya, ashe mai sandar mace ce, ba ta ma kai shi kafaɗa ba. Baba ya ce a maido masa baya. Sau uku ya kalla, sannan ya ce, "Wannan yarinya ta san aiki. Ba ta bari ya zo inda hannunsa zai kai ba."

Sunan abin naginata, makamin mutanen Japan na da. Ruwan takobi ne mai lanƙwasa aka ɗora a kan doguwar ƙota, ana sara da shi, ana suka, ana kuma share ƙafar doki. Mayaƙan samurai sun yi yaƙi da shi ɗaruruwan shekaru, haka ma mayaƙan gidajen ibadarsu, kafin miƙaƙƙen mashi da suke kira yari ya karɓe fage, saboda in an jera dakaru kafaɗa da kafaɗa suka ta fi sara sauƙi. Da ƙasar ta zauna lafiya daga 1603, sai naginata ta koma cikin gida. Ta zama makamin matan gidajen samurai, har a cikin kayan aure ana sa ta, don in maigida ba ya nan uwargida ta tsare ƙofa. A yaƙin Aizu na 1868 wata budurwa, Nakano Takeko, ta ja wasu mata suka fita da naginata, harsashi ya kashe ta tana da shekara 21. Yau abin ya zama wasa mai alƙalai da maki. An kafa ƙungiyarsa ta ƙasar Japan a 1955, ta duniya a 1990, kuma a can har gobe mata sun fi yawa a cikinsa. Sandar wasan itace ce da bakin gora, tsawonta mita 2.10 zuwa 2.25. Takobin gora na wasan kendo kuwa ba ya wuce santimita 120. Wato akwai kusan mita guda tsakani, kuma cikin mitar nan guda mai takobi yake shan wahala. Ƙari a kan haka, a kendo ba a dukan ƙwauri, don haka bai saba kare ƙafarsa ba.

Muna kan gadar Houphouët-Boigny, wadda aka gama ginawa a 1957, mota a sama jirgin ƙasa a ƙasa, Baba ya fara ba mu labarin daren. Na ji shi a bakin mutane iri-iri, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Su uku ne, yara, babbansu da wuya ya kai ashirin. Irin waɗanda ake kira mikrob, da suka ɓullo daga Abobo bayan rikicin 2010 da 2011 suka bazu har Ajame da Attécoubé. Kowa da adda. Ya ce da suka zo yana bakin titi, fili gabansa, fili bayansa. Ya miƙa gora ya riƙe ta hannu biyu, bai ɗaga ta sama ba. Wanda ya matso sai ya zungure shi a ƙirji ko ya buga masa a wuyan hannu. Adda ɗaya ma ta faɗi. "Alhaji, wallahi da a nan na tsaya, har asuba ba mai taɓa ni." To sai ɗaya ya kewaya wajen ƙyauren shagon maƙwabcina, shi kuma ya ja da baya don ya tare, ya shiga lungun da ke tsakanin tebura. Ya zo juya gora, kanta ya maƙale a kwanon rumfa. Kafin ya zaro ta yaron ya shigo jikinsa. Hannun da ya kare kansa da shi ne ya sha sara. Abin da ya cece shi usur ɗin da ke wuyansa, da masu gadin layin gaba da suka zo a guje da tocila.

Na yi shiru, don abin da ya faɗa wani shahararren mai takobi na Japan, Miyamoto Musashi, ya rubuta irinsa wajen 1645: mashi da naginata kayan fili ne, a matsattsen wuri amfaninsu kaɗan ne. Baba bai san an yi wani Musashi a duniya ba, amma yana da ɗinki a hannu.

Mu Hausawa takobi muke wa kirari. Shi ake ratayawa da hamila, shi ake wa kube na jima mai ado, shi ake gada. Wanda ya je hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga yadda takubba ke walƙiya in an zo jahi. Amma ku lura da hannun 'yan lifidi da barade, mashi ne a ciki, takobi yana rataye a kafaɗa yana jiran sa'arsa. Haka yaƙin yake tun asali. Da mashi ake fara gamuwa, akwai na jifa, akwai na suka, akwai asigiri wanda gaba ɗayansa ƙarfe ne. Sai in mashi ya karye, ko an cakuɗe ba wurin juya shi, sannan a zare takobi. Buzaye ma da ake ba da labarin takobinsu ba sa hawa raƙumi zuwa yaƙi ba mashi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma mutumin da ya sha lifidi shi da dokinsa ba a cika yi masa illa da sara ba.

Abin da ya sa takobi ya fi suna, a ganina, shi ne ana iya zama da shi. Kana shiga zaure da shi, ka zauna a fada da shi, ka bi fatake da shi, ka kwanta yana gefenka. Mashi kuwa sai a jingine shi a ƙofa. Kakanninmu da suka yi ta safarar goro daga Gwanja zuwa Kano sun san darajar makamin da ba ya hana ka ɗaure kaya da jan jaki. Ni kaina na ga wannan da safen nan, da direban tasi biyu suka ƙi ɗaukar mu saboda gora.

In kuwa tsawo ake magana, akwai wanda ya fi mashi. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kaɗan ne, ƙarfinsu 'yan baka. Kibiya ta riga mashi isa, Gobirawa suka watse. Shekara 99 bayan nan, a 1903, mahayan Kano suka yi ta sukuwa a kan sojojin Ingila a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin, ba su kai ga jikin masu bindiga yadda suke so ba. Japan ma ta ga irin wannan a Nagashino a 1575, inda bindigogin Oda Nobunaga suka karya rundunar gidan Takeda.

Treichville daban take da wajenmu. Tun zamanin Faransa aka yanka ta layi-layi, titi ya ratsa titi, kowanne da lambarsa, ka ce Avenue 16 ko Rue 12 kowa ya gane. Da muka sauka Baba ya tsaya a mararraba ya dubi gabas da yamma, ya ce, "Nan ai wurin gadi ne. Mutum na tahowa tun daga nesa ka gan shi." Ni da na zo Rue 12 ba adadi sarin yadi, ban taɓa kallon titin da wannan ido ba.

An kwance ɗinkin ba wata matsala. Likita ta ce yatsu biyu za su daɗe kafin su riƙa damƙa sosai, kada ya ɗauki abu mai nauyi. Baba ya tambaye ta ko gora na cikin abu mai nauyi, ta yi dariya, shi bai yi ba.

Daga nan muka ci garba a wata rumfa, wajen wani ɗan ƙasarmu. Sai 'yar tawa ta fito da maganarta. Naginata dai a waya take kallo, amma taikwando ga shi nan a gari, tana so in sa ta. Na ce wannan ai na Koriya ne, ba na Japan ba. Ta ce ta sani. Ta lissafo mini Cheick Cissé da ya ciyo wa Kodibuwa zinarenta na farko a gasar Olamfik ta Rio a 2016, a daƙiƙar ƙarshe, da Ruth Gbagbi mai tagulla biyu, a Rio da Tokyo, da namu Abdoul Razak Alfaga na Nijar da ya kawo azurfa daga Rio. Ta shirya sosai, kamar mai zuwa gaban alƙali.

Gaskiyar magana, ba kuɗin ne ya dame ni ba, kuma ba surutun mutane ba, ko da yake za a yi shi, za a ce Alhaji ya sa 'yarsa dambe. Abin da nake tsoro shi ne ta koyi harbi da ƙafa na wata shida ta ɗauka za ta iya tsayawa gaban mai adda. Yarinyar nan kullum tana bin lungunan Bracodi da asuba zuwa lakwal, da magariba kuma ta kai wa uwarta saƙo. Na faɗa mata haka ƙarara.

Baba ne ya amsa, ba ita ba. Ya ce, "Alhaji, ka bar ta. Ai abin da waccan yarinyar ta waya ta iya ba duka ba ne, sanin inda za ta tsaya ne. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mai son dukansa ba, in abu ya zo ƙafarsa ce ke fara mutuwa, ko gudu ba ya iyawa." Ya juya wajenta: "Ke kuma 'yar nan, in kin ga ƙarfe a hannun mutum, ki jefa masa wayar ki nemi fili. Ni da nake da gora kin ga hannuna."

Da za mu koma na sa direba ya bi ta mararrabar Solibra, don ta ga gadar sama da Japan ta ba da kuɗin ginawa, wadda aka buɗe a ƙarshen 2019 da sunan zumuncin ƙasashen biyu. Na ce mata ga Japan ɗinki nan, kankare da kwalta. Ta ce ita dai ranar Asabar take jira. Ban ce e ba, na ce sai na ga malamin da idona, in ga ko akwai mata a ajin, sannan mu ji ta bakin uwarta.

A daren ranar muka zauna mu 'yan layi. An yarda kowane shago ya ƙara jaka biyu a wata, a ɗauko wa Baba mataimaki, a sa fitila a bakin lungun, a ɗage kwanon rumfar nan da ya riƙe masa gora. Maƙwabcina ya kawo shawara a saya masa adda. Baba ya ce a'a, shi bai iya ta ba, kuma in 'yan sanda sun same shi da ita wata magana ce. Abin da ya roƙa shi ne a janye tebura biyun da ke bakin lungu in an tashi kasuwa. Mai tebur ɗaya ya yarda nan take. Ɗayan har yanzu muna fama da shi.