Ranar da Injin Jirginmu Ya Yi Tsuwa a Tsakiyar Kogin Yauri

A wannan watan labarin wata tafiya na kawo muku, wadda na yi zuwa barkar ƙanwata da ke aure a wani ƙauye can tsallaken ruwa, ɓangaren Agwara ta Jihar Neja. Mun kwana a Yelwan Yauri, da hantsi muka gangara bakin kogi, ni da 'yata mai shekara 6.

Wadda ba ta taɓa zuwa Yauri ba, idan ta tsaya a gaɓar nan sai ta ɗauka teku ce. Kogin Neja ne, wanda mutanenmu ke kira Kwara, amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 ruwan ya taru ya zama tafki, ya miƙo fiye da kilomita 100 har zuwa nan. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashinsa, haka ma tsibirai da dama na Gungawa, an kuwa sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Bishiyoyin da ruwan ya ci har yau kututturansu na nan a ciki, su ne abin tsoron kowane matuƙi. A bakin gaɓa kuwa sai ƙamshin bandar kifi, ga buhunan shinkafa da albasa, ga babura ana ɗora su cikin jirage kamar kayan wanki.

Ba zan ɓoye muku ba, da fargaba na shiga. Ban manta da hatsarin watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nitse a hanyarsa ta zuwa Wara a cikin wannan ruwa, waɗanda suka tsira 'yan kaɗan ne. Saboda haka na nemi rigar ruwa, na ɗaura wa yarinyar tata, na sa tawa a kan hijabi. Wasu mata suna ta yi mini dariya, wai Malama ta zama ƙwallo. Na ƙyale su.

Matuƙinmu dattijo ne, Basarke, gadon kamun kifi ya yi kafin ya koma ɗaukar fasinja. Mun yi kamar rabin tafiya sai wata siririyar ƙara ta taso daga bayan jirgi, ƙiii, irin tsuwar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Ni da farko ban ma kula ba. Shi kuwa tuni ya sassauta wuta, ya karkata kai yana saurare. Da ya rage gudu ƙarar ta ragu, da ya ƙara ta ƙaru. Sai ya cire giya, farfela ta tsaya, inji na aiki shi kaɗai. Ƙarar tana nan. Ya leƙa gefen injin sau ɗaya, nan take ya kashe shi.

Shiru ya sauka. Ba za ku san nauyin shirun nan ba sai kuna tsakiyar ruwa da ɗiya a cinya.

Wani ɗan kasuwa ya ce, "Baba, bel ne kawai, motata ma haka take yi. Mu je, rana na yi." Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan injin ba shi da bel. Man inji ma cikin fetur ake zuba masa." Daga baya ya yi mini bayanin cewa manyan injina irin na mota da ake girkawa a cikin wasu jirage su ne masu bel, kuma idan ya saki ko ya yi santsi lallai yakan yi irin wannan kuka, musamman da an tayar. Amma ƙaramin injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, dole a nemi ciwonsa a wani wuri.

Ya ɗago ƙafar injin daga ruwa. Ga baƙar leda ta naɗe wurin, ta toshe 'yan ramukan da ruwa ke shiga. Ya cire ta, ya mayar da injin, ya tayar. Ƙarar ta yi sauƙi amma ba ta tafi ba, ya sake kashewa. Shi da yaronsa suka ɗauki filafilai suka tuƙa mu zuwa wani tudun rairayi. Mutane sai gunaguni. Wata ma cewa ta yi da ta sani da ta shiga jirgin da ya wuce mu.

A kan rairayin nan ne na matsa kusa, don ni malama ce, ba na iya ganin abu ban tambaya ba. Na ce, "Baba, me ka gani ka kashe shi da sauri haka?" Ya nuna mini wani ɗan rami a gefen injin. Ya ce muddin inji na aiki, dole a ga ruwa na tsartowa daga nan kamar bakin buta. Su suna ce masa fitsarin inji, ku gafarce ni. Wannan inji da ruwan kogi yake shan sanyi: akwai wata 'yar roba mai fukafukai a cikin ƙafarsa, ita ke juyawa tana tura ruwa sama. Ruwan ne kuma ke sa ta santsi. Idan leda ko ciyawa ta toshe hanya, sai ta riƙa gugar gidanta a bushe, cikin ɗan lokaci ta ƙone. Da ya leƙa, ɗigo kawai ya gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin cire giyar. Ya ce sandar da ke juya robar tana aiki ko da giya ko babu, amma farfela sai an sa giya. Don haka da ƙarar ta ɗauke lokacin da ya cire giya, da ya san a wajen farfela matsalar take. Can ma akwai ciwon da ya saba gani: zaren taru ko igiyar mamari ta naɗe bayan farfela, ta yanke robar da ke tare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar nono, boris ya fara kuka. Idan kuma daga sama ne, yakan ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya bi har ya gano wurin. Sai na tuna yadda muke yi idan jariri na kuka: a duba ko yunwa ce, ko ya jiƙe, ko zazzaɓi, ɗaya bayan ɗaya. Ba a dai toshe kunne.

Ya kwance ƙafar injin, ya zaro robar ya sa mini a tafin hannu. Fukafukanta sun lanƙwashe sun yi ƙauri, ɗaya ya ɓalle. Sai da ya lalubo guntun ya fitar, don kada ya toshe hanyar ruwa. Ya ciro sabuwa daga cikin wani gwangwanin madara. Ya ce yashin kogi ma yana cinye ta a hankali, shi ya sa ba ya fita babu wata a ajiye.

Na tambaye shi abin da zai faru da ya biye wa Alhaji. Ya ce injin zai yi zafi ya cije, ba zai sake tashi ba. Jirgi cike da kaya, babu inji, sai ya juya ya ba iska da igiyar ruwa gefensa, ga kututture a ƙasa, ga jama'a sun firgita kowa ya miƙe tsaye. Bai ƙarasa ba, ya ci gaba da ɗaure notinansa. Ni a ganina, uwargida, matuƙin da ya ji baƙuwar ƙara ya tsaya, ya jure zagin fasinja, shi ya cancanci ki ba shi amanar 'ya'yanki, ko da kuɗinsa ya fi na saura.

Mun ɓata kusan awa ɗaya. Da ya tayar, ruwa ya tsarto da ƙarfi, ƙarar ta tafi. Muka isa bayan azahar, na tarar da mai jego ta sa an je bakin ruwa duba mu har sau biyu.

Ranar dawowa wani jirgin muka samu, matuƙin saurayi. Kafin in taka, 'yata ta ja hijabina ta ce, "Umma, tsaya ya tayar mu ga ruwan." Muka tsaya. Saurayin ya dube mu yana murmushi, ya ja igiya, ruwa ya tsarto, sannan muka shiga.